Gida Mai Alƙibla Huɗu

A duk unguwar Mansur da ke Makka babu wanda ya kai Mudassir iya fara sana'a. Gamawar ce dai ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya sayar da turare wata biyu, ya yi direban masu umra sati uku, ya buɗe shagon gyaran waya ya rufe shi ranar da ya gyara wayar liman ta daina magana gaba ɗaya. Kowacce ya bari sai ya ce mutane ne ba su waye ba. Tsakanin wannan sana'a da waccan kuwa wurin zamansa ɗaya ne, teburin tsiren Bandar, yayan matarsa, inda ake miƙa masa mafici ya yi ta fifita gawayi. Babu abin da ya tsana a duniya kamar maficin nan. In ya hango wanda ya sani sai ya sunkuya kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

A farkon Sha'aban ɗin bana ya shafe kwana uku yana kallon bidiyon wani mai koyar da tallan gidaje ta intanet. Rana ta huɗu ya fito da farar riga mai guga, da tabarau wanda ba na magani ba, da kati da aka buga masa: Ustaz Mudassir, Masanin Tallan Gidaje na Zamani. Bai zame ko'ina ba sai wurin Gwaggo Hure, yayar marigayi mahaifinsa. Gwaggo tana da bene mai hawa huɗu da mijinta ya bari, kuma shiggar hawa na uku, wato ɓangaren da iyayen Mudassir suka zauna yana ƙarami, ta yi wata guda babu kowa a ciki. Shekara talatin ke nan Malam Mukhtaru dillali ke sa mata 'yan haya.

"Gwaggo, zamanin dillalin da ke zama kan benci yana jiran Allah ya kawo ya wuce," in ji Mudassir. "Yanzu a waya ake ba da gida. Ki ba ni makullan nan, kafin ki gama shan shayinki mutanen Kano da Yamai da Jidda suna rububinsa."

Gwaggo ta leƙa kofinta. "Saura kurɓa biyu."

"Misali na yi, Gwaggo."

"Misalin naka ne ya cinye shagon waya." Ta daɗe tana kallonsa. Ɗan ƙaninta ne, kuma kullum ta wuce ta gan shi cikin hayaƙi sai ranta ya sosu. Ta ciro zoben makullai daga ƙarƙashin matashi. "Daga yau zuwa ganin watan azumi. In ka sa mutumin kirki a ciki, makullan benen duka naka ne, dama Mukhtaru ya tsufa. In ba ka sa ba, ka dawo mini da su da hannunka, ka koma wa Bandar da maficinsa. Halas?"

"Halas, Gwaggo. Maficin nan ni da shi sai dai a labari."

Ya rataya makullan a bakin aljihu yadda za su riƙa ƙara, ya zaga ta gaban mai shayi da gangan. Malam Mukhtaru na zaune kan bencinsa da tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba.

"Baba Mukhtaru, ina shafinka na intanet?"

"Ga shi ina zaune a kai," in ji tsohon, ya bubbuga bencin.

"Mabiya nawa gare ka?"

"In na tashi zuwa masallaci mutum uku kan biyo ni."

Aka kwashe da dariya. Mudassir ya girgiza kai irin na mai tausayin jahilai. Nan Issoufou tela, mutumin Maraɗi, ya matso yana dogara sanda, don gwiwarsa ta hagu ta shekara bakwai tana ba shi wahala.

"Ustaz, na ji an ce makullan Hajiya Hure na hannunka. Ɗana za shi aure bayan salla, wuri muke biɗa kusa da mu. Ko za ka buɗe mu gani?"

"Ka shiga shafi ka cike fom."

"Wane fom? Ga ni ga ka, ga makulli na lilo."

"Tsari ne, Malam Issoufou. Sunanka, imel ɗinka, da abin da ya ja hankalinka."

"Mi ya ja hankalina? Gidan na kallon shagona!"

"To sai ka rubuta haka a fom." Mudassir ya wuce, makullai na kacau-kacau.

Mai bidiyo ya ce hoto shi ne rabin ciniki, kuma ba a ɗaukar hoton ɗaki tsirara, sai an yi masa ado. Shiggar kuwa tsirara take, ɗaki biyu da falo, fenti ya ɗan koɗe. Mudassir ya jira matarsa Kabira ta tafi barka unguwar Rusaifa, ya naɗe kafet ɗin falonsu, ya kwashe tumtum da labule da butar gahawa da kaskon turare, ya yi sawu shida zuwa hawa na uku. Ya shimfiɗa, ya jera, ya ja baya ya duba. Komai ya yi, sai wata tsohuwar ƙusa a kusurwar falo, da ɗan koren zare a ɗaure, tana ɓata masa bango. Ya ce masu haya dai ba su da tsari, kowa ya samu bango sai ya rataya kalanda. Ya zare ta ya jefa a aljihu, ya toshe ramin da man goge baki, ya shafe da yatsa.

Kabira ta dawo da baƙi uku da ta gayyato shan gahawa, ta tarar da falonta fayau, sai siminti. Ta zaunar da su kan sallaya, ta kira mijinta da alkunyar da ta saba.

"Abu Wafa, ɓarayi sun shigo mana."

"Ba ɓarayi ba ne, ado ne. Aro na yi."

"To ɓarawon ya dawo da kayana kafin magariba. Kayan aro ba ya rufe katara."

Ya sake sawu shida. Amma hotuna sun samu, saura matsala ɗaya, tagogi. A Makka duk mai neman gida tambayarsa ta farko ita ce, ana ganin agogon Harami? Daga benen Gwaggo ana ganinsa, in mutum ya hau rufi, ya taka tankin ruwa, ya yi ɗage, ya leƙa tsakanin wasu dogayen gine-gine biyu. Daga tagogin shiggar kuwa bangon maƙwabta ake gani. Mudassir ya buɗe manhajar gyaran hoto, ya umarce ta ta sa agogon a taga. Ta tambaye shi, a wannan hoton ko a duka? Mutumin da ya yi sawu goma sha biyu ba ya da lokacin duba hoto ɗaya-ɗaya. Ya danna duka, ya ɗora a shafi, ya rubuta da manyan baƙaƙe: MINTI BIYAR ZUWA HARAMI A ƘAFA.

Mai bidiyo ya kuma ce mutane ba sa yarda da dillali, sun fi yarda da shaidar maƙwabta. Maƙwabtan Mudassir ba su da lokacin rubuta shaida, sai ya hutar da su. Ya rubuta da sunan Issoufou tela, har da hotonsa da tauraro biyar: "Ni maƙwabcin gidan ne. Kullum da ƙafa nake zuwa Harami, minti biyar, wani lokaci huɗu in na yi sauri."

Sai kuma amsa. An ce mai neman gida in ya yi tambaya ba a amsa masa cikin minti ɗaya ba, ya tafi wurin wani. Mudassir ya saita wa lambarsa amsa mai fita da kanta, kuma da yake mai bidiyo ya ce kada dillali ya taɓa cewa babu, ya rubuta mata jimla ɗaya tak, da kalmar albishir ta Larabawa a gaba: "Abshir! Akwai, marhaba da kai." Ya watsa shafin a duk zaurukan WhatsApp na Hausawan Makka, ya kishingiɗa yana jiran duniya ta zo.

Duniya kuwa ta zo. Kafin azahar ɗin washegari saƙo ya fi ɗari biyu. Mudassir ya ga adadin, bai karanta ko ɗaya ba, ya tafi wurin mai shayi ya nuna wa Mukhtaru.

"Baba, a shekara talatin ka taɓa samun tambaya ɗari biyu?"

"A'a. Ni ɗaya nake samu, in ba shi makulli."

Abin da Mudassir bai sani ba shi ne, 'yan Mansur sun gano amsar tun da hantsi, sun mai da ita abin wasa. Wani ya rubuta, akwai lifta? Abshir, akwai. Wani ya ce akwai wurin ajiye raƙumi? Akwai. Wata ta tambaya ko akwai kyankyasai, aka yi mata marhaba aka ce akwai. Wani mara tsoron Allah ya ce ya ji an ce akwai aljanu a banɗakin, aka tabbatar masa cikin daƙiƙa ɗaya. Hotunan hirar suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka isa Jidda.

Sai masu ido suka koma kan hotunan. A tagar falo ga agogo. A tagar ɗakin kwana, wadda ke bangon da ke kallon na falon, ga agogo. A kicin ga agogo. Banɗaki ba shi da taga, amma manhajar ba ta karaya ba, ta ɗauki madubi a matsayin taga ta dasa agogon a ciki, daidai gaban masai. Duk ɗan Makka ya san inda agogon nan yake nan ce alƙibla. Wani malami a zauren 'yan Zinder ya yi saƙon murya na minti tara kan hukuncin gidan da makewayinsa ke fuskantar alƙibla, wani ya ba shi amsa cewa a gidan nan ko ta ina ka juya ka fuskance ta, saboda haka akwai sauƙi. Kafin la'asar shiggar Gwaggo ta samu suna, Gida Mai Alƙibla Huɗu.

Issoufou ne ya fi shan wahala. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suka yi layi a ƙofar shagonsa, kowa na son sunan maganin da ya sha. Wata tsohuwa ta ce ba ta tashi sai ya gaya mata, don rowar magani ba halin musulmi ba ne. Ya rufe shago ya zo ya tare Mudassir da sanda.

"Ni na tahi Harami minti huɗu? Ni da ban kai bakin titi minti goma!"

"Salon talla ne, Malam Issoufou. Yanzu ka yi suna."

"Sunan banza! Ka cire hotona, in ba haka ba sandar ga ta yi suna a kanka."

Labari ya kai wa Gwaggo. Ta sa aka rubuta masa saƙo da wayarta: "Mudassir, an ce ka cika mini gida da ƙarya. Akwai gaskiya a maganar nan?" Ko ajiye wayar ba ta yi ba amsa ta shigo. Aka karanta mata. Gwaggo ta ce a sake karantawa, aka sake. Sai ta sa aka nemo mata takalminta na hawa bene aka ajiye kusa.

Da Kabira ta nuna masa abin da ake yi da shi, Mudassir ya yi murmushi. "Ke ba ki san harkar ba. Mai bidiyo ya ce babu mummunan talla. Ana maganata ko ba a yi?"

"Ana maganar mahaukacin bakin kasuwa ma."

To ikon Allah, cikin masu tsokana ɗari biyu sai aka samu mai nema da gaske guda ɗaya. Hajiya Mubina ce, 'yar kasuwa daga Kano, ta kawo mahaifinta Alhaji Lurwanu ya yi azumi a Makka. Tsohon ya haura tamanin, a keken guragu ake tura shi, kuma burinsa ɗaya ne, ya samu ɗakin da zai riƙa ganin agogon Harami daga kan gado. Hajiya ba ta cikin zaurukan 'yan Mansur. Ta ga hoto, ta tambayi lifta aka ce akwai, ta ce za su zo ranar Alhamis bayan azahar. Saura kwana biyu a duba wata.

Mudassir ya ce wannan rana ba za ta wuce a ɓoye ba. Zai yi bidiyo kai-tsaye, duniya ta ga yadda ake ba da gida a zamanance. Ya bi shago-shago yana gayyata. Ya ba Kabira waya ta riƙe, ta karɓa da sauri har ya yi mamaki. Ranar Alhamis ƙofar benen ta cika, har da Mukhtaru da Issoufou a gefe. Mudassir ya gyara tabarau ya ce, "Ɗaga waya!"

Kabira ta ɗaga. Kafin ya ce assalamu alaikum rabin taron ya ɓace. A Mansur, wanda ya zo aikin hajji tun shekarun baya ya zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya wasa da kyamara. Mai sayar da fura ta bar ƙwaryarta a ƙasa, wani ya shige bayan motar ruwa. Ba tafiya suka yi ba, zagayowa suka yi suka taru a bayan Kabira, inda za su ga komai ba a gan su ba. Masu kallo a waya suka ga Ustaz shi kaɗai yana yi wa ƙwaryar fura jawabi.

Baƙin ba su iso ba sai bayan awa ɗaya da rabi. Hajiya Mubina ta fito daga tasi tana huci.

"Kai ne Ustaz? Taswirarka Jarwal ta kai mu, ƙofar wani otal! Mai gadi ya ce ni ce ta tara da na zo neman gidan nan, sauran duk kallo ya kawo su."

Gaskiya ne. Mudassir ya ga alamar taswirar ta yi nisa da Harami, ya ɗan ja ta da yatsa.

"Kuskuren tauraron ɗan'adam ne, Hajiya. Marhaba, bismillah."

Aka sauko da Alhaji Lurwanu a kekensa, ɗan siririn tsoho mai fara'a. Hajiya ta leƙa zauren benen, ta ga matakala ta miƙe.

"Ina liftar?"

"Liftar tana cikin tsari."

"Na tambaya an ce abshir, akwai."

Daga bayan waya wani ya ce, "Raƙumi ma an ce akwai!"

Mudassir ya dubi matakala, ya dubi tsohon, ya taɓa makullan da ke aljihunsa. Ya tuna hayaƙin Bandar. Ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, hau bayana."

Tsohon ya hau ba musu. A hawa na farko Mudassir yana yi wa masu kallo bayanin ingancin ginin. A na biyu bayanin ya koma nishi, tabarau ya zame ya faɗi. Alhaji Lurwanu ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce wa 'yarsa, "Mubina, liftar tasu tana haki."

"Mutum ɗari huɗu ke kallo, Abu Wafa," in ji Kabira. "Wani ya ce a gaishe da lifta."

"Kashe," ya ce da kyar.

"Mai bidiyo ya ce babu mummunan talla."

Aka isa. Ya dire tsohon kan kujerar roba, ya buɗe ƙofa. Hajiya Mubina ta shiga ta tsaya tsakiyar falo, ta dubi wayarta, ta dubi siminti.

"Ina kafet ɗin? Ina labulen?"

"Suna gidan mai su," in ji Kabira daga bayan waya. "Suna gaishe ki."

"Ku bar maganar kafet," in ji Alhaji Lurwanu. "Agogo na zo gani. Yaro, buɗe taga."

"Baba Alhaji, zafi ake yi, in an buɗe..."

"Buɗe."

Ya buɗe ta falo. Bango ne, kusa har mutum zai iya shafa shi. Ya buɗe ta ɗakin kwana, bayan na'urorin sanyaya ɗaki ne guda shida suna ɗigar ruwa. Ta kicin ta buɗe kan igiyar shanyar maƙwabta, da wando uku suna lilo. Tsohon ya ce a kai shi banɗaki, ai can ma an ce akwai. Aka ɗaga kujerar aka kai shi ƙofa. Ya kalli madubi, ya ga kansa, ya ga Mudassir a bayansa jiƙe sharkaf.

"To ga wani abu nan mai fuska," in ji shi, "amma ba ya nuna lokaci."

Mutanen da suka cika matakala suka fashe da dariya har ana riƙe bango. Hajiya Mubina ta buɗe baki za ta fara, kuma da ganin yadda ta gyara mayafi an san ba gajeriyar magana ba ce, sai ladanin masallacin ƙasa ya kira la'asar. Kowa ya shiga amsa kiran. Da aka gama, Alhaji Lurwanu ya ce shi ba zai sauka hawa uku ya sake hawowa ba, yana da alwala, a nan zai yi sallarsa.

"Yaro, juya mini kujera. Ina alƙibla?"

Mudassir ya nuna tagar falo. Daga matakala aka ce, "A'a!" Ya nuna ɗakin kwana. Aka ce, "Subhanallahi!" Ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa ya duba, Kabira ta ja baya ta ce ana kai-tsaye. Ya juya dama, ya juya hagu, hannunsa a miƙe kamar ɗan sandan kan hanya.

"A ina aka haife ka?" in ji tsohon.

"A Makka, ranka ya daɗe."

"A Makka. Ni daga Kano na san inda zan fuskanta."

"A ɗakin nan aka haife shi."

Muryar daga ƙofa ta fito. Mutane suka dare. Gwaggo Hure ce, ta hawo hawa uku da takalminta na hawa bene, tana dafe da ƙirji. Ba ta dubi kowa ba, kusurwar falon ta duba.

"Ina ƙusar?"

"Wace ƙusa, Gwaggo?"

Ta taka zuwa bangon, ta shafa da tafin hannu har yatsanta ya tsaya kan wani farin tabo. Ta kankare, ta kai hanci. "Na'ana'a," ta ce. "Man goge baki." Ta juyo. "Ranar da ubanka ya shigo gidan nan, bai kwance kaya ba sai da ya hau rufi ya daidaita alƙibla, ya sauko ya buga ƙusar nan, uwarka ta ɗaura mata zare. Shekara goma sha ɗaya yana salla yana fuskantarta, kai kana gefensa kan ɗan buhu kana dungure. 'Yan haya bakwai suka zauna bayansa, an yi fenti sau uku, babu wanda ya taɓa ta. Gidan nan abu ɗaya ne a cikinsa da ke nuna Harami da gaske, shi ka cire, ka kawo na ƙarya guda huɗu."

Babu wanda ya yi dariya. Mudassir ya tuna buhun, ya tuna bayan rigar mahaifinsa da koren zaren a sama da kansa, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban gawayin Bandar. Kabira ta sauke wayar a hankali ta kashe. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro ƙusar, da zarenta.

"A aljihunka na tsinta ranar wanki."

Babu guduma a gidan. Gwaggo ta nuna zoben makullai, wanda ke da ƙaton kwaɗon ƙofar rufi a jiki. Da shi Mudassir ya mai da ƙusar, bugu na biyu ya samu babban yatsansa, ya ci gaba da bugu. Gwaggo ta kama kafaɗunsa ta juya shi ya fuskanci kusurwar, sannan ta buɗe tafin hannunta. Ya ɗora mata makullan. Ta miƙa su baya ba tare da ta waiwaya ba, Malam Mukhtaru ya karɓa.

Kafin Alhaji Lurwanu ya sallame, an gama ciniki a kan matakala. Mukhtaru ya leƙa ƙasa inda Issoufou ke zaune a hawa na farko, don nan gwiwarsa ta tsaya.

"Issoufou! Ruwa ba ya yankewa, maƙwabta na amsa sallama. Lifta babu, agogo babu. Ladani ba ya makara."

"Ƙusar na nan?"

"An mai da ita."

"Mun ɗauka. Akwai fom?"

"Ka cike shi yanzu."

Sannan Mukhtaru ya warware robar wayarsa ya kira wani a Jarwal, cikin minti biyu ya samar wa Hajiya Mubina ɗaki a hawan ƙasa, wanda in an buɗe ƙofa aka ɗan leƙa hagu ana ganin agogon. Alhaji Lurwanu ya shafa addu'a, ya waiwaya ya nemi Mudassir da ido.

"Yaro, a kira mini lifta. Sauka zan yi."

Washegari da yamma layin da ke gaban teburin Bandar ya kai har ƙofar shagon tela. Rabinsu ba tsire ya kawo su ba. Duk wanda ya iso sai ya ce, "Ustaz, akwai yaji?" layin gaba ɗaya ya amsa, "Abshir! Akwai!" Mudassir, da yatsa a naɗe da tsumma, ya yi minti goma kansa a ƙasa. Daga nan ya ɗago ya ƙare wa layin kallo, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa. Ya juya ya fuskanci jama'a yana nuna su da mafici.

"Bandar, ka taɓa ganin layi haka a teburin nan? Wannan shi ake kira tallan zamani. In ka ba ni wata ɗaya in buɗe maka shafi..."

Bandar ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya kama kafaɗunsa biyu ya juya shi ya fuskanci gawayi.

"Nan ce taka alƙiblar, ya Ustaz. Fifita."